Hannu a Ƙarƙashin Zane

Murhu biyu ne a gidanmu na Fagge. Ɗaya na tuwo, a cikin madafi, na Innarmu. Ɗayan yana kusa da rijiya, duwatsu uku da wani tsohon kasko mai faɗi, wannan na kakarmu ne, ba mai taɓa shi sai ita. A nan take soya gyaɗa da yashi kullum bayan sallar magariba, wadda za a kai kasuwar Sabon Gari da safe. Mu jikoki biyar sai mu kewaye ta, wai muna taya ta tsince ƙonanna. Ta san abin da ya kawo mu. Duk wadda ta ga kumatunta na motsi sai ta ce, "Ɓeran gidan nan har ɗankwali yake ɗaurawa."

Mahaifiyar Babanmu ce. Daga Ilori aka kawo ta tana amarya, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Kano ba. Iya muke ce mata, haka ma duk unguwa. Ta haura shekara arba'in a Kano, amma harshenta bai gama barin garinsu ba, har mukan kwaikwaye ta idan ta ba da baya. Ba ta yi karatu mai nisa ba. Surorin da take salla da su ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ko baƙi ɗaya ba ta iya rubutawa a allo. Amma idan mace ta rasu a layinmu, ko a cikin Yarbawa Musulmi na Sabon Gari, ƙofarmu ake fara bugawa. Ita ke wankan gawa. A wurin surukarta ta koya, kuma ba ta taɓa karɓar ko anini a kai ba.

Ni a lokacin shekarata goma sha ɗaya. Shekarun ne da ake ta zancen Turawa sun kusa tafiya. A makarantar allo ta Malam Sule babu yarinyar da ta kamo ni, na ba izu goma baya. Babanmu tela ne, yana kan kekensa yana ba abokan cinikinsa labarin kaina, yana cewa har boko zai sa ni. Abin ya shige ni. Wata rana na tambayi Iya a gaban yara, "Iya, ke izu nawa gare ki?"

Ba ta ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Je ki tambayi waɗanda na sallama, Rabi. Su suka sani."

Yara suka yi dariya, ni ma na yi. A raina kuwa na riga na yanke cewa na fi ta sani.

Da daminar shekarar wata mata ta rasu a Sabon Gari, ana ce mata Maman Raliya. Alala da shinkafa take sayarwa a kusa da tashar jirgi, leburori da 'yan dako duk a wurinta suke ci. Innarmu ce ke raka Iya idan an yi irin wannan kira, to tana jego. Sai Iya ta ɗora mini ƙwaryarta, mai dakakken ganyen magarya da kafur da farin alawayyo da aka yanko a kasuwar Kwari, muka tafi. A ƙofar ɗakin ta ce, "Ajiye nan. Koma cikin mata ki zauna, kada ki tashi sai na fito."

Na ajiye, na koma, na zauna. Ban daɗe ba na tashi kamar zan zaga bayan gida. Ɗakin yana da taga ta gefe, an sake mata asabari, kara ɗaya ya karye. A nan na sa ido.

Iya tana durƙushe. An lulluɓe mamaciyar da zane tun daga ƙirji har ƙasa. Hannun Iya a naɗe da ƙyalle, yana aiki a ƙarƙashin zanen, fuskarta kuwa na kallon bango. Yayar mamaciyar ce ke zuba mata ruwa. Da suka zo juya ta, zanen ya zame. Na ga bayanta, daga kafaɗa har kugu, fari, fatar duk ta tattare. Iya ta ja zanen ta mayar. Duka abin bai fi numfashi ɗaya ba.

Kashegari a makaranta muna bakin kwata muna wanke alluna, 'yan mata suka shiga gardamar wa ta taɓa ganin gawa. Babu wadda ta taɓa. Na ce ni na gani, na kuma faɗi abin da na gani. Wata ta zaro ido ta ce, "Irin na kutare?"

Na ce, "Ni dai na gani."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na daɗe ina ba kaina haƙuri da wannan. Yanzu na san shirun nan ya fi maganar muni, don na ji daɗin yadda suke kallona.

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama Fagge ya tsallaka Sabon Gari: Maman Raliya kuturta ta ɓoye shekara da shekaru tana ba mutane abinci da hannunta, kuma daga bakin mai wanka aka ji. Bayan sadakar bakwai Raliya ta ɗora tukwanen uwarta ta fita tasha, don da su za ta ci da ƙannenta. Yadda ta fita da su haka ta dawo da su. Sai wani kafinta, Ibo, maƙwabcinsu, shi kaɗai yake zuwa da kwanonsa yana cewa shekara goma yana cin abincin gidan nan yatsunsa goma ne har yau.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta rasu a layinmu, gida uku tsakaninmu. Muna jin koke-koke. Iya ta yi alwala, ta sauko da ƙwaryarta, ta zauna a bakin ɗaki da mayafi a kafaɗa. Ba a zo ba. Sai muka ji an aika har cikin birni an ɗauko wata. Iya tana nan zaune har aka fita da makara. Sannan ta tashi ta mayar da ƙwaryar kan ragaya. Aikin da ta yi shekara talatin tana yi don Allah, na raba ta da shi a bakin kwata.

Malam Sule ne ya bi zancen baki-baki har ya iso kaina, ya zo ya sami Babanmu a shago. Baba ya shigo gida da tsumagiya. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Iya ta tsaya tsakaninmu.

"Ajiye, Salihu."

"Iya, yarinyar nan ta zubar miki da mutunci a gari."

"Na sani, ai nawa ne. Bulala baya take koya wa hankali. Ita bayanta bai yi laifi ba. Ka bar mini ita."

Da magariba ta hura wutarta kamar kullum. Ni na maƙale a bakin ɗakin Inna. Ta ce, "Malama Rabi, yau ba za a taya mu cin gyaɗa ba?" Na zo na zauna a ƙarshe, inda hasken bai kai sosai ba. Ta zuba gyaɗa cikin yashi, ta fara juyawa da sakaina. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a zaure, a shigo da ita?" Mu ce, "A shigo da ita, an yi shimfiɗa."

Ta ce a zamanin da, Ido da Baki da Hannu kowa zaman kansa yake yi, ba su haɗu a jiki ɗaya ba. A lokacin Ido ba shi da marfi, dare da rana a buɗe yake. Baki ba leɓe ba haƙori, rami ne kawai kamar bakin tulu. Su uku suka tafi neman ilimi wurin wani malami a bakin kogi. Ido, sau ɗaya za a nuna masa baƙi ya riƙe. Baki kuwa idan ya ɗauki karatu har masu jirgin fito sai sun tsaya da tuƙi. Hannu ne dai Allah bai ba shi kai ba. Shekara bakwai yana abu ɗaya, ɗebo ruwa, wanke allo, dama tawada.

Ƙanena Lawal ya ce, "Iya, to da me Ido yake tafiya, ba shi da ƙafa?"

Ta ce, "Mirginawa yake, mai gidana, kamar yadda kake yi idan an ce ka tashi sallar asuba."

Da shekara bakwai ta cika, malam ya tara baƙi a zaure don saukar almajiransa. Ya ce saura darasi ɗaya. Mahaifiyarsa tana cikin gida, ta tsufa, ciwo ya kwantar da ita, su shiga su gaishe ta su fito. Suka shiga. Tsohuwa tana barci, zanenta ya zame. Ido ya bi ta da kallo tun daga kai har ƙafa, bai bar komai ba, ya raɗa wa Baki. Baki ya fito zaure, ya gyara murya irin ta karatu, ya zayyana wa baƙi duk abin da Ido ya gani, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Baƙi suka sunkuyar da kai. Shi kuwa Hannu ba ya gani, lalube yake. Ya laluba ya ji zane a ƙasa, ya ji jikin tsohuwa da sanyi. Ya ɗauka ya rufe ta, ya gyara mata matashi, ya matso mata da ruwa kusa. Ya fito ya zauna.

Malam ya ce, "Hannu, me ka tarar?" Hannu ba shi da abin faɗa, ya kife a kan tabarma.

Malam ya yi kuka. Ya ce, "Ido, ka san baƙaƙe. Baki, ka san karatu. Amma shekara bakwai Hannu kaɗai na koyar." Ya roƙi Allah kada a sake barin waɗannan biyu su yi yawo haka. Shi ne aka yi wa Ido marfi. Baki aka yi masa ƙyaure biyu, na ƙashi a ciki, na nama a waje. Hannu kuwa ku duba naku, an sa masa ƙofa? Shi ne kuma aka ba shi aikin rufe su. In abin kunya ya taso, wa ke rufe ido? In magana za ta kuɓuce, wa ke toshe baki?

Ta ce, "Baƙuwa ta gaji, ta tafi gida." Ta tace gyaɗar a rariya, ta ba kowa cikin tafinsa, har ni. Ladan ya kira isha'i, yara suka watse. Ta ce ni in tsaya.

Na fashe da kuka. Na ce, "Iya, ki fita ki gaya musu ba kuturta ba ce mana. Ke za su yarda da ke."

"Wa ya ce miki ba ita ba ce?"

"To ita ce?"

"Wa ya ce miki ita ce?"

"Ai ke kin gani!"

"Ni ban ga komai ba. Hannuna ya shiga ya yi aikinsa ya fito." Ta ja itace ɗaya daga wutar ta soka a ƙasa. "Saurara, Rabi. In na buɗe baki yau na ce wance lafiyarta ƙalau, gobe in na wanke wata na yi shiru, me za a ce? Za a ce, to, wannan da abu. Kin ga na tona duk matan da na wanke, da waɗanda ban kai ga wankewa ba. Mamaci ba ya iya jan zanensa. Shi ya sa ake kiran wani ya ja masa. Karatun da aka ba ni ke nan, bai kai izu ba, amma ban taɓa zubar da shi ba."

Na ce, "To yaya za a yi?"

"Bakin da ya ɓata shi zai gyara. Gobe ki yi wanka da wuri."

Kwana huɗu muna yawo. Da ƙafa muke tashi daga Fagge, mu bi ta cikin taɓo mu shiga Sabon Gari. Gida-gida, duk inda Iya ta san zancen ya shiga. Ita tana tsayawa a bayana, ba ta cewa uffan bayan sallama. Ni ke magana, kuma kalmomin ba su canzawa: "Ni ce na leƙa inda aka hana ni. Na faɗi abin da ban san ko mene ne ba. Iya ba ta taɓa gaya mini komai ba, ba ta gaya wa kowa ba." Wasu su ce Allah ya shirya. Wasu su ja Iya gefe su ce, "To tsakaninmu, mene ne gaskiyar abin?" Sai ta ce, "Ina gajiya? Ina yara?" ta ja hannuna mu fita.

Gidan su Raliya muka fara zuwa, kuma shi ya fi wuya. Raliya ba ta fi shekara ashirin ba. Ta saurare ni har na gama, tana zaune a gaban tukwanen da ba ta ɗora ba. Ta ce, "Kin gama? Ke ce mai izu goma, ko? Uwata ta taɓa ba ki alala kyauta a tasha, kina tunawa?"

Ina tunawa. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ba ni kika yi wa ba. Wadda kika yi wa tana ƙasa, je ki same ta."

Iya ba ta sa baki ba, ba ta roƙa mini ba. Da muka fito na ce, "Ba ta yafe ba." Ta ce, "Dole ne? Ba don ki ji sanyi muka zo ba."

Abin da Iya ta yi a maimakon magana shi ne wannan. Ta aika wa Raliya cewa ta ɗora tukunya, akwai mai saye. Da azahar ta ɗauki mayafinta ta tafi tasha, tsohuwa da ita, ta zauna a kan benci a tsakiyar 'yan dako, ta sa aka zuba mata alala, ta wanke hannu ta ci a gaban kowa, har tana siɗe yatsa. Babanmu ya ce abin kunya ne mace kamarta ta ci abinci a titi. Ta ce, "Kunyar tana wurin da ka san take." Kullum sai ta je. A mako na biyu bencin ya fara cika.

Yayar Maman Raliya ce ta ƙarasa sauran. Ranar sadakar arba'in, mata cike da gida, ta miƙe ta ce tana da magana. Ta ce suna yara a garinsu, ita tana shekara tara ƙanwarta tana biyar, suna guje-guje ita yayar ta ture tukunyar manja daga kan wuta, ya sauka a bayan ƙanwar. Ƙanwar ta girma ba ta taɓa bari an ga bayan ba, ba don kunyar tabon ba, don kada a tambaya a ce wa ya yi. Ta ce, "Shekara hamsin tana rufa mini asiri. Yau na buɗe da kaina." Muna hanyar gida na ce wa Iya, ashe ƙuna ce. Ta ce, "Haka ta ce. 'Yar'uwarta ce, tana da iko. Ni ba ni da shi."

Malam Sule bai dake ni ba shi ma. Ya karɓi allona ya wanke, ya rubuta mini aya ɗaya tak, wadda ke hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, take kuma cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. A yini ɗaya na haddace. Na kawo in biya a wanke, ya ce, "Koma. Ta hau kanki, ba ta sauka ƙirjinki ba." Wata guda ina kan ayar nan, waɗanda na wuce suka zo suka wuce ni.

Cinikin Raliya ya dawo, amma kiran Iya bai dawo da wuri ba. Zance yana da saurin fita, komawarsa ce a hankali. An kusa shekara ba a buga mana ƙofa ba. Duk Juma'a sai ta sauko da ƙwaryar ta wanke, ta shanya, ta duba kafur ko ya tashi, ta mayar. Innarmu ta ce ta huta mana, ai ta yi nata. Iya ta ce, "Ba aikina ba ne da zan ajiye. Farilla ce a kan unguwa duka. In wani ya yi an sauke wa kowa, in ba a yi ba kowa ya ɗauka. Ni dai a same ni a shirye." Wadda ta fara kiranta kuwa yayar Maman Raliya ce. Da ciwon ajali ya kama ta, ta bar wasiyya kada kowa ya taɓa ta sai Iya. Raliya da kanta ta zo ƙofarmu da asuba. Ta gan ni a tsakar gida ta ce, "Rabi, ɗauko wa Iya ƙwaryarta." Daga wannan ba ta sake ce mini komai a kan maganar ba har muka tsufa, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Na yi boko daidai gwargwado, na sauke karatuna, aka yi mini aure a Rijiyar Lemo. Bayan haihuwata ta fari Iya ta ce in fara binta. Na ce, "Ni, Iya? Bayan abin da na yi?" Ta ce, "Saboda shi. Wadda ba ta taɓa ƙonewa ba ba ta san wuta ba." Ta koya mini niyya, da alwalar mamaci, da farawa ta dama, da yin wankan mara, sau uku ko biyar, da kafur a na ƙarshe, da yadda ake taɓa mutum a hankali kamar yana ji. Ni na wanke ta da ta rasu. Abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

A ƙarshen azumin da ya wuce Allah ya karɓi 'yata Sa'adatu. Malamar makaranta ce. Ta daɗe tana jinya, ciwon ya canza ta ƙwarai. Ban zaci ni zan tsaya a kanta ba, na ɗauka ita za ta tsaya a kaina. Gwiwata ba ta durƙuso yanzu, sai aka sa mini kujera a ɗakin. Muna shirin farawa Hadiza ta leƙo, jikar ƙanena Lawal. Yarinya ce mai hankali, ta yi karatun addini har jami'a, idan tana fassara hadisi sai in yi shiru in saurara. Wayarta na hannunta a ɗage.

Ta ce, "Hajiya, Yaya Kabiru ne. Ba zai samu jirgi ba sai jibi. Kuka yake, yana so ya ga fuskar Mama sau ɗaya."

Kabiru ɗan Sa'adatu ne na fari, yana aiki a ƙasar waje. Ni na yi masa wanka yana jariri. Na ce ta miƙo mini wayar, fuskar wayar na kallon ƙasa. Na ce, "Kabiru, da kana nan da na kama hannunka na shigo da kai ka gan ta. Amma abin da ya shiga wayar nan ba ya mutuwa, ba a binne shi. Yau kai ne, gobe yana hannun wanda bai san sunanta ba. Uwarka ko ɗankwalinta ne ya zame ba ta bari a ɗauke ta hoto. Fuskar da ka sani ita ce tata, riƙe ta."

Ya ce, "Hajiya, uwata ce fa."

Na ce, "'Yata ce. Kuma yau ba ta iya cewa a'a."

Ya kashe wayar. Har yanzu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Ina yi masa uzuri, kuma ban yi nadama ba.

Hadiza tana tsaye tana hawaye. Ta ce ta san hukuncin, ta karanta babin, har jarrabawa ta ci a kansa, amma bai zo mata a rai ba. Na gane ta sarai, don na taɓa zama ita. Na ce ta kai wayar waje ta yi alwala ta dawo. Da ta dawo na naɗe mata hannu da ƙyalle, na ce ta juya fuskarta bango. Ita ta wanke Sa'adatu, ina gaya mata abin da za ta yi.

Tun daga ranar nake tunani. Yaran yanzu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba, ina kuma yi musu murna. Abin da muke tafiya unguwa uku mu tambayo, su yana cikin aljihunsu. Amma ina ganin hotunan da ake turowa, na masu haɗari a titi, na marasa lafiya a gadon asibiti, da addu'a a rubuce a ƙasa, kuma masu turawar ba jahilai ba ne. A zamaninmu sai da na zaga bayan ɗaki na nemi karyayyen asabari. Yanzu kowa da tagarsa a hannu. Ban san manyan kalmomin da malamai ke bayyana manufar ilimi da su ba. Abin da na fahimta shi ne ana karatu don mutum ya san Ubangijinsa, ya kuma zama wanda za a iya bar wa ɗan'uwansa a lokacin da ɗan'uwan ba ya iya kare kansa. In karatu bai kai mutum nan ba, da sauran tafiya, ko izu nawa ya ba baya.

Na lissafa matan da suka iya wannan aiki a layinmu, mu uku ne, ni ce ƙarama. Shi ya sa na gaya wa limamin masallacinmu ya sanar. Ranar Asabar mata tara za su zo gidana, Hadiza ce za ta karanta musu hukunce-hukuncen daga littafi, ni in nuna musu da hannu. Duk wadda ta zo za ta bar wayarta a zaure. Kafin mu taɓa ruwa zan gaya musu abin da na yi wa Maman Raliya, da bakina, ba ragi. 'Ya'yana sun ce in bari sai na ƙara samun ƙarfi, makokin bai yi nisa ba. Na ce musu ba ni da wannan lokacin. Zan koyar har sai na tabbata akwai wadda zan miƙa wa kaina ba tare da fargaba ba, ranar da ni ma ba zan iya jan zanena ba.